Babi na Biyar: Inda Ahmed Musa Ya Yi Karatunsa

Ranar Juma'a ce, 22 ga Yuni, 2018, mako guda cif bayan Ƙaramar Sallah. Ana sallame La'asar a Azare samari suka dinga zarar takalma a bakin masallaci, ko addu'a ba su tsaya shafawa ba, domin ƙarfe huɗu za a take wasan Najeriya da Aisilan a birnin Volgograd na Rasha. Gidan kallon da na shiga rumfar kwano ce mai ƙofa ɗaya. Benci takwas, talabijin biyu an kafe su a jikin azara, fanka ɗaya tana juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan, janareta kuma yana ta gurnani a bayan katanga. Kwana shida kafin nan Kuroshiya ta lallasa mu 2 da nema, saboda haka kowa ya shigo da fushinsa a aljihu.

Aka yi minti 45 Najeriya ba ta ko gwada bugun raga ba. Da aka tafi hutun rabin lokaci, masu tsaki sun fi masu magana yawa.

Minti huɗu da dawowa abin ya faru. Aisilan sun taru a gidanmu, ƙwallo ta kuɓuce musu, Victor Moses ya kwashe ta ya bi gefen dama, ya ɗago ta cikin da'ira. Ƙwallon ta zo a wahalce. Ahmed Musa ya miƙe ƙafar dama ya tare ta a iska, ta faɗi ta yi tsalle sau ɗaya, ya ɗauke ta da mari. Kafin gola ya ɗaga hannu raga ta motsa. Wani da ke gabana ya taka bencin da muke kai, dukanmu muka kife, babu wanda ya ce masa kanzil. A minti na 75 Kenneth Omeruo ya dako wata doguwa daga baya. Musa ya bi ta ta hagu, ya bar ɗan bayansu yana bin ƙurarsa, ya yanke gola ya kwantar da shi, sannan ya tsaya. Wannan tsayawar ce har yau take ba ni mamaki: 'yan baya biyu sun koma kan layi, rumfa duka tana ihun "Buga! Buga mana!" shi kuwa ya gyara ƙwallo kamar mai gyara hula, ya zaɓi wurin da yake so, ya ajiye ta.

Da hayaniya ta lafa, wani dattijon malamin makaranta da ke kusa da ni, wanda jikansa ya jawo shi kallo, ya karkato ya ce, "Wai shi yaron nan a ina ya yi karatu?" Jikan bai ko waiwayo ba ya ce, "A Pillars mana, Baba." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Sai daga baya na lura yaron ya ba da amsar da ta fi dariyarmu nauyi.

A Amurka tambayar malamin tana da amsa kai tsaye. Can jami'o'i ne ke riƙe da matasan 'yan wasa. Yaro ya gama sakandare, jami'a ta ɗauki nauyin karatunsa saboda ƙafarsa, yana shiga aji da safe yana atisaye da yamma, kuma in sakamakon jarrabawarsa ya lalace ba zai sa riga ba. Bayan 'yan shekaru ƙungiyoyin ƙwararru su zauna su zaɓi waɗanda suke so daga cikin ɗaliban, bi da bi. Akwai gida guda na 'yan Najeriya a jihar Oklahoma da ya bi wannan hanya har sau uku. Bright Dike ya yi Jami'ar Notre Dame, ya buga wa Portland Timbers, marigayi Stephen Keshi ya kira shi Super Eagles, har ya ci Italiya ƙwallo a wasan sada zumunta da aka tashi 2 da 2 a Landan a Nuwamban 2013. Ƙanwarsa Courtney ta buga wa Najeriya tana ɗalibar jami'a. Ƙaninsu Daryl ya yi Jami'ar Virginia, Orlando City ta zaɓe shi a 2020, shi ya gwammace rigar Amurka.

Ba na cikin masu cewa komai na Amurka ya fi. Tsarin nan yana cin lokaci. Mai digiri yakan shiga ƙwallon kuɗi yana da shekara 22, alhali Ahmed Musa bai cika 22 ba ya riga ya ci kofin Afirka, ya ci gasar Rasha sau biyu, ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya. Abin da tsarin yake ba yaro shi ne madafa. In gwiwa ta tashi aiki, akwai takarda a akwati.

Mu ma mun taɓa samun irin wannan. Segun Odegbami a Jos ya tashi, ya karanta injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan yana buga ƙwallo, kuma shi ne ya ci biyu daga cikin ukun da aka zura wa Aljeriya a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Legas a 1980. Abokin wasansa a wannan tawaga, Adokiye Amiesimaka, lauya ne da ya fito daga Jami'ar Legas, daga baya har ya riƙe muƙamin babban lauyan gwamnatin jihar Ribas. A zamaninsu makaranta da fili abokan tafiya ne. Daga baya suka raba gari, kowa ya kama gabansa.

In ka bi tarihin ƙwallon Ahmed Musa daga farko har ƙarshe, sau ɗaya kalmar jami'a take fitowa, ita ma a sunan asibiti. An haife shi a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992. Mahaifinsa mutumin Borno ne, mahaifiyarsa 'yar jihar Edo, kuma yana ƙarami uban ya rasu, rainonsa ya koma hannun uwa. Makarantar horar da ƙwallo ta GBS da ke Jos ce ta fara riƙe shi, ita ce kuma ta ba da aronsa ga JUTH, ƙungiyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wadda a lokacin take babbar gasar ƙasa. Can ya fara karo da manya, ya ci 'yan ƙwallaye, aka fara tambayar wane ne wannan siririn yaron mai gudu kamar an biyo shi.

A 2009 aka sake ba da aronsa, wannan karon ga Kano Pillars.

Wanda bai san gasar Najeriya ta wancan lokaci ba, ba zai gane girman abin da ya biyo baya ba. Gasa ce da cin wasa a waje ya zama abin ba da labari. Ƙungiya takan kwana biyu a mota daga Kano zuwa Fatakwal ko Aba, a sauka ƙafafu a kumbure, gobe a shiga fili mai tudu da kwari. 'Yan baya magidanta ne, da iyali da bashin haya, kuma ba su ga dalilin da zai sa ɗan cikinsu ya kunyata su a gaban jama'a ba. In ka wuce mutum sau ɗaya, karo na biyu ƙafarka zai nema. Ita kuwa Pillars ba ƙaramin gida ba ne. Ta ci gasar a 2008, a 2009 kuma ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Magoya bayanta a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba su san lallashi ba: in ka ci, a ɗauke ka a kafaɗa ana "Sai Masu Gida," in ka zubar, ka ji abin da ba a faɗa a gaban surukai.

A wannan kakar ta 2009 zuwa 2010 yaro ɗan shekara 17 ya ci ƙwallo 18. Tun 1990, da Ishaya Jatau ya ci 17, shekara ashirin babu wanda ya haura wannan adadi sai shi. Pillars ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba. Tarihin da ya kafa bai yi tsawon rai ba, domin Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a kaka mai bi, Mfon Udoh na Enyimba kuma ya kai 23 a 2014. Amma shi ya riga ya karɓi abin da ya zo nema. Ya koyi yadda ake tsallake takalmin mugu, ya koyi buga ƙwallo dubban mutane suna ihu a kansa, ya koyi tashi bayan an kayar da shi alƙalin wasa ya kau da kai. Natsuwar da muka gani a Volgograd, ni dai ina ganin a Ƙofar Mata aka dasa ta. Wanda Kanawa suka yi wa ihun "Buga!" tsawon shekara guda bai rikice ba, ihun Turawa ba zai firgita shi ba.

A 2010 ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, amma sai da ya zauna jira. Dokar FIFA ta hana a kai yaro wata ƙasa buga ƙwallo kafin ya cika 18, sai a 'yan yanayi ƙalilan. A tsakanin nan ne ya fara buga wa Super Eagles, a wasan Madagaska a Kalaba cikin Satumba. Da ya cika shekarun a Oktoba aka ba shi riga. Venlo ƙaramin gari ne a bakin iyakar Jamus, ƙungiyar kuma kullum tana fafutukar kada ta faɗa rukuni na biyu. Wani ɗan Arewa ya riga shi taka wannan fili: Tijjani Babangida na Kaduna, shi ma mai gudun tsiya a gefen dama, ya yi zaman aro a can a farkon shekarun 1990 kafin ya kai Ajax. A watan Mayun 2011 Musa ya ci Feyenoord biyu aka tashi 3 da 2, abin da ya taimaka wa ƙungiyar ta tsira.

Samarinmu na gidan kallo sukan raina irin wannan mataki. Kowa Madrid, kowa Chelsea. Amma a ƙaramar ƙungiya ne ake ba baƙon yaro minti 90 duk mako, ya yi kuskure a gyara masa. A babba, benci zai ɗumama har a manta da shi.

Janairun 2012 ya koma CSKA Mosko, daga zafin Kano cikin ƙasa da shekara biyu zuwa garin da ake share ƙanƙara kafin a yi atisaye. Nan ya yi zamansa mafi albarka, shekara huɗu da rabi a hannun koci Leonid Slutsky. Da ɗan gefe aka saye shi. Da Seydou Doumbia na Kwaddibuwa ya ji rauni, sai Slutsky ya tura shi tsakiya ya riƙe gaba, kuma ya riƙe. Ya ci gasar Rasha a 2013 da 2014 da 2016, ya ci kofin ƙalubale na ƙasar a 2013, ya zura sama da 40 a gasar. A cikin waɗannan shekaru ne ya ci ta huɗu a ragar Mali a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na 2013, wanda Najeriya ta ɗauka da ƙwallon Sunday Mba, shi ma ɗan gasar gida. A cikinsu ne kuma aka yi ranar 25 ga Yuni, 2014 a Porto Alegre ta Burazil: Messi ya ci a minti na 3, Musa ya rama a na 4, Messi ya ƙara da bugun tazara dab da hutu, Musa ya sake ramawa ana dawowa. Marcos Rojo ne ya raba gardama, aka tashi 3 da 2. Kafin ranar babu ɗan Najeriyar da ya taɓa cin biyu a wasa ɗaya a kofin duniya.

Sai Ingila. A nan ne labarin ya karkace, kuma a nan ne nake ganin ya fi amfani ga yaro mai koyo.

Leicester City ta ba duniya mamaki ta ci Firimiya a 2016. A Yulin shekarar ta biya fam miliyan 16.6 ta ɗauko Musa, kuɗin da ba ta taɓa kashewa a kan ɗan wasa ba kafin nan. A wasan share fage a Stockholm ya ci Barcelona biyu, ɗaya ma tun daga tsakiyar fili ya ɗauko ta. A Azare ranar har waɗanda ba su san inda Leicester take ba sun koma magoya bayanta. Da aka shiga gasa sosai, ya ci Crystal Palace, ya ci Tottenham mako guda bayan nan, ya ci Everton biyu a kofin FA cikin Janairun 2017. Daga nan kusan shiru. Ƙwallo biyu kacal a Firimiya.

Masu gidan kallo suna da bayaninsu: wariya ce, hassada ce, an yi masa asiri. Ni abin da idona ya gani daban ne. Makamin Musa fili ne. A ba shi sarari a bayan 'yan baya, a jefa ƙwallo can, sauran aikin nasa ne. Leicester ta ci kofi da wannan dabara, tana barin wa abokan karawa ƙwallo tana jiran su yi sake. To amma da ta zama zakara kowa ya gane ta, aka daina hawa kanta, aka koma baya aka toshe. N'Golo Kanté, mai ƙwato ƙwallon da ake kai farmakin da ita, ya tafi Chelsea. Ɗan sararin da ya rage kuma akwai mai shi, Jamie Vardy. Abin da ake buƙata a lokacin shi ne mai karɓar ƙwallo a matsi, baya ga raga, mutum biyu a wuyansa, ya juya a taƙi ɗaya. Wannan darasi ne da ake koya wa yaro tun yana ɗan shekara goma, a fili mai laushi, a hannun koci mai haƙuri, kuma shi ne darasin da makarantar Musa ba ta ba shi da kyau ba. Yaron da ya fi kowa gudu a unguwa ba a matsa masa ya koyi wani abu, tunda gudun yana biya. Aka kori Claudio Ranieri a Fabrairun 2017, waɗanda suka gaje shi ba su waiwayi Musa ba.

Abin da ya yi bayan nan ya burge ni fiye da ƙwallayen Barcelona. Bai zauna yana cin albashi a benci ba. A Janairun 2018 ya koma CSKA aro, inda aka san yadda ake amfani da shi, ya wasa ƙafarsa wata huɗu, ya tafi kofin duniya a ƙasar da ta zama masa gida. Ƙwallaye biyun da suka kifar da bencinmu daga nan suka fito. Da su ya zama yana da huɗu a kofin duniya, fiye da kowane ɗan Najeriya.

Sauran tafiyar ba sai an ja ta ba. Al-Nassr ta Riyad ta saye shi a 2018, ya ci gasar Saudiyya da ita a 2019, suka rabu a Oktoban 2020. Ya yi watanni ba ƙungiya, sai a Afrilun 2021 ya dawo Pillars na ɗan lokaci. Ya je Turkiyya, Fatih Karagümrük sannan Sivasspor. Ya wuce wasa 101 na Joseph Yobo da Vincent Enyeama, ya zama wanda ya fi kowa sa rigar Super Eagles. A Oktoban 2024 ya sake dawowa Pillars, a wasansa na farko ya ci Sunshine Stars biyu. A Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. A Kanon ya kafa gidan mai da cibiyar wasanni, abin da ya nuna ya kalli waɗanda suka gabace shi suka ƙare hannu rabbana, ya ɗauki darasi.

To, mu dawo gida. Titin da ya taso daga Kano ya bi ta Wudil da Jama'are ya ratsa Azare ya nufi Potiskum, shi ne dai titin da motocin ƙungiyoyi ke bi in za su Maiduguri. Suna wucewa ta gabanmu. Da yamma kuwa, duk filin firamaren da ka leƙa a Azare, ko Chinade, ko Madara, ko Bulkachuwa, za ka tarar da yara sun kafa duwatsu ko sanduna suna buga tamaula cikin yashi, wasu da takalmi, wasu da safa, wasu ƙafa Allah. Yashin nan kansa koci ne, yana gina cinya. Ba mu rasa makarantu ba: ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya. Akwai wasannin ɗalibai na ƙasa, NUGA ta jami'o'i da NICEGA ta kwalejojin ilimi. Sai dai ɗalibi ya ci kofi a can ya dawo ya rataye lambarsa a ɗaki, domin masu neman 'yan wasa ba can suke zuwa ba. Ba mu kuma rasa babbar ƙungiya a jiha ba. Wikki Tourists ta Bauchi ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1998 bayan ta doke Plateau United a bugun fenariti, a 2016 kuma ta zo ta uku a gasar ƙasa ƙarƙashin koci Abdu Maikaba, ɗan wasan gabanta Godwin Obaje ya fi kowa cin ƙwallo da 18, daidai adadin Musa. Tsani yana nan: ƙungiyar unguwa, gasar jiha, rukunin NLO, rukunin NNL, sannan babbar gasa. Matakalar farko ce ta ɓalle.

Akwai wani yaro a layinmu, ba zan kama sunansa ba. Bahago ne, in ya ɗauki ƙwallo ta gefen hagu har masu tallan rake sukan ajiye faranti su kalla. Yana aji biyu na babbar sakandare wani mutum ya zo garin da jaka da tabarau, ya kalli wasa biyu, ya ce zai kai shi gwaji Turai. Wata rana da daddare mahaifin yaron ya yi sallama a ƙofar gidana, ya zaro takarda daga aljihun gaba, an naɗe ta cikin leda.

"Malam, don Allah duba mana wannan. An ce daga can ta zo."

Na haska fitilar waya. Takardar gayyata ce da tambarin wata ƙungiya, an ɗauko shi daga intanet har ya dushe. Sunan ƙungiyar a sama daban, a ƙasa an rubuta shi da kuskure. Babu sunan hukumar ƙwallo ko ɗaya, lambar wayar da ke jiki kuma ta Najeriya ce. Yaron shekararsa 16, dokar da ta tsayar da Ahmed Musa ta shafe shi.

Na ce, "Alhaji, ni dai hankalina bai kwanta da ita ba. A bari ya gama makaranta, a kai shi Bauchi a gwada shi tukuna."

Ya yi shiru, ya ninke takardar yadda take, ya ce, "To Malam, na gode. Amma ka san arziki in ya zo ba a ce masa jira."

Shanun huɗarsa biyu ya sayar. Yaron ya yi wata uku a wani masauki a Legas tare da wasu irinsa, mai tabarau ya kashe waya, 'yan'uwa suka haɗa kuɗin motar dawowa. Kunya ta hana shi komawa aji. Yanzu Keke Napep yake ja, in mun haɗu yakan ƙi karɓar kuɗina. Abin da ya fi ci mini rai, ban nace ba. Na faɗa sau ɗaya na yi shiru don kada a ce ina baƙin ciki.

Bambancinsa da Musa ba a ƙafa kaɗai yake ba. Musa tun yana yaro sunansa yana rubuce a wata makarantar ƙwallo, ita ta ba da aronsa ga JUTH, ita ta ba da shi ga Pillars, kowane mataki da shaidarsa. Wannan rubutu kuɗi ne. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. A cinikin fam miliyan 16.6, wannan kaso fam 830,000 ne. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da fam 41,500 a ciki, kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana da 83,000. A lissafa wannan da naira, a tuna kocin unguwa da ke sayen ƙwallo da ruwan leda daga aljihunsa. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris da ke bin tarihin rajistar ɗan wasa ta kwamfuta ya aika wa kowace ƙungiya haƙƙinta. Amma kwamfuta ba ta san "ai ni na koya masa" ba. Ƙungiyar da ba ta yi rajista da hukumar ƙwallo ba, ko ta yi ba ta rubuta yaranta ba, ko sisi ba za ta gani ba, ko da yaron ya kai Madrid ɗin.

Haka zancen shekaru. An daɗe ana yanke wa yara shekaru a ƙasar nan, har ana cewa akwai shekarun haihuwa akwai na ƙwallo. Tun gasar 'yan ƙasa da 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009 FIFA take ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantancewa. Yaron da ke da takardar haihuwa ta gaskiya, da shaidar firamare da ta sakandare da suka yi daidai da ita, ya fi ƙarfin zargi, kuma in ƙwallo ta ƙi shi yana da wurin komawa. Ahmed Musa ɗaya ne. A shekarar da ya ci 18 ɗin nan akwai ɗaruruwan 'yan wasa a gasar, akwai dubbai a ƙasa da ita, kuma mafi yawansu yau ba wanda ya san inda suke.

Saboda haka kirana ga kociyoyin ƙasar Katagum, wato Azare da kewayenta, masu tara yara da yamma ba albashi: ku je Bauchi ku yi wa ƙungiyoyinku rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ku rubuta sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa ta gaskiya, ku shiga gasar jiha ko da za a fitar da ku a zagayen farko. Ku sa yaron nan mai gudu ya koyi karɓar ƙwallo a matsi, ku hana wanda bai je aji da safe ba sa riga da yamma. Iyaye kuma, duk wanda ya zo muku da takardar Turai ya ce a kawo kuɗi, ku riƙe shanunku, ku tambaye shi lasisinsa na FIFA. Mai karatu, in kai aka kawo wa takardar cikin dare ka ga ba ta yi ba, kada ka faɗa sau ɗaya ka yi shiru kamar yadda na yi.